Gwaggo Ta Daina Mita

Labari ya iso ni cewa kun yi taro a waya a kaina. Kada ku tambayi wanda ya gaya mini. Nan unguwar Kpakungu ce, ko kaza ta yi tari a ƙarshen layi, kafin ta rufe baki an kawo mini rahoto har da sunan mai kazar. An ce kai Nura ka faɗa wa yayarka Hadiza cewa ka shigo gida da rana tsaka ka same ni zaune gaban wani baƙin ƙarfe, na jona shi da wuta, na zuba masa ido kamar mai kallon ƙwallo. An ce ke kuma Hadiza, daga can Abuja, kin ce a nemo likitan ƙwaƙwalwa tun abin bai yi nisa ba. Na gode da kulawa, Allah ya yi muku albarka. Amma kafin ku sa a ɗaure ni, ku zauna ku karanta wannan. Ƙarfen nan da kuka gani zuciyar Gwaggo ce, kuma ba ku san yadda aka yi ta baro ƙirjinta ba, domin shekarar da abin ya faru kowannenku yana can yana fama da nasa.

Gwaggo dai kun san ta, firjin uwarku. Abin da ba ku sani ba shi ne ta riga ku zuwa gidan nan. A Limawa na saye ta, a hannun wani tsohon ma'aikacin reluwe, shekarar da na auri uwarku Ladi. Lokacin ma tsohuwa ce. Ranar ɗauko ta sai da na tara rabin majiya ƙarfin unguwar, amalanken da muka ɗora ta a kai bai sake miƙewa ba har ya bar duniya. Da muka jona ta, ta yi wani irin gurnani, ta girgiza, ƙofarta ta yi kakkarwa, kwanukan da ke kanta suka hau rawa, sannan ta zarce da wata doguwar mita kamar jirgin kaya yana hawan tudu. Uwarku, tana amarya, ko lallen hannunta bai goge ba, ta kalle ni ta ce:

"Malam, wannan ai gwaggonka ce ta biyo mu. Ita ma haka take tashi daga barci."

Ina da wata gwaggo a lokacin, Allah ya ji ƙanta, wadda ba ta taɓa buɗe ido da safe ba tare da ta fara ƙorafi ba. Sunan ya zauna daram. Tun daga ranar firjin ya zama mace, ya zama 'yar gida.

Kun san halin wutar garin nan. Madatsar Shiroro tana nan bayanmu, mu muke ba rabin ƙasa haske, amma mu kanmu sai wuta ta ga dama take leƙo mu, kamar suruka. To a gidanmu ba ma duba ƙwan fitila mu san an kawo wuta. Gwaggo ce ke sanarwa. Da zarar ta yi gurnanin nan, duk inda uwarku take, ko a madafa, ko a bakin rijiya, ko tana tsakiyar yi mini faɗa, sai ta dakata ta ɗaga murya:

"Na'am Gwaggo, na ji ki!"

Daga nan gida ya rikice. A ɗauko leda, a ɗura ruwa, a tace zoɓo, a ƙulla kunun aya, kowa da aikinsa, ni kuma nawa shi ne in tsaya ina ba da umarnin da ba mai ji. Ƙanƙarar Gwaggo, in ka jefi mutum da ita sai an kai shi asibiti. Masu walda, masu kafinta, direbobin da ke tsayawa a bakin titi, duk sun san zoɓon Maman Hadiza. Takalman makarantarku da littattafanku daga cikin Gwaggo suka fito. Ni dai sunan maigida nake amsawa.

Sana'ata kuwa kun sani, gyaran firji. A zamaninmu gas iri ɗaya ne kowa ke ɗurawa, muna ce masa sha biyu. Abu mai sauƙin kai, ba wari, ba ya kama wuta. In za mu buɗe firji, sai mu yanke bututu mu bar shi ya tafi sama yana fito, haka aka koya mana, haka kowa ke yi. Ana nan sai aka aiko wa ƙungiyarmu cewa mutanen gwamnati suna kiran masu gyaran firji bita. Muka je ni da Bitrus, abokina na unguwar Ketaren Gwari, wanda muka koyi aiki wurin ubangida ɗaya. Gaskiya shinkafar da aka ce za a raba ce ta kai mu. Wata mata mai tabarau ta miƙe ta ce a can sama akwai wani rufi da Allah ya yi, wanda yake tace zafin rana kafin ya sauko mana, kuma gas ɗinmu ne yake hawa yana cin rufin, har ya huje. Ta ce ƙasashen duniya sun zauna sun sa hannu a yarjejeniya cewa za a daina yin gas ɗin, ƙasarmu ma ta sa hannu, kuma ga doka, nan gaba duk wanda aka kama ya shigo da shi zai yi bayani. Bitrus ya zungure ni.

"Sani, ashe kai ne ka fasa sama."

"Ni da ko rufin shagona na kasa hawa in toshe?"

"Rabin ramin nan a kan Kpakungu yake, ka duba da kyau."

Muka yi ta dariya har matar ta harare mu. Muka ci shinkafa, aka nuna mana wata na'ura da ake zuƙe tsohon gas a adana maimakon a sake shi, aka nuna mana sabon gas, muka watse. Da na dawo gida, na tarar da uwarku tana tace zoɓo, na zauna a kan turmi na kwaikwayi matar nan tun daga tabarau har tafiya. Na saba in na yi irin wannan sai Ladi ta riƙe ciki. Ran nan ko murmushi ba ta yi ba.

"Malam, ka ce ƙasashe nawa suka yarda?"

"Duka, wai. Har waɗanda ba sa ga maciji da juna."

"Har masu yaƙi?"

"Har su."

Ta ajiye rariya, ta goge hannu a zane.

"Mu a layin nan, gida nawa ne? Tun ina goyon Hadiza ake taro a kan kwatar nan ta ƙofar gida, an kasa haɗa kai a yashe ta. Kowa ya ce ruwan maƙwabcinsa ne. Amma ka ce duniya kaf ta zauna ta yarda a kan abu ɗaya? To abin nan gaskiya ne. Mutane ba sa haɗa kai a kan ƙarya haka, sai tsoro ya kama su."

"To ke mene ne naki? Ramin yana can ƙarshen duniya, inda ƙanƙara take kyauta."

"Gwaggo wanne take sha?"

Ta san amsar.

A lokacin ina da ragowar tukunya guda ta sha biyu a shago, tun ta da, kuma ba wanda ya hana a yi amfani da abin da ya riga ya shigo. Da Gwaggo ta ɗan yi rauni, na kawo tukunyar na ɗura mata abin da ya rage, har tukunyar ta koma fanko. Na yi wa uwarku bayani cewa tsohon kwamfiresa irin na Gwaggo, wato zuciyar firji, da man da ke cikinsa, ba sa shiri da sabon gas. In za a koma sabo, sai an cire zuciyar gaba ɗaya an sa wata. Ta tsaya tana kallo har na naɗe bututuna, sannan ta dafa ƙofar firjin ta ce:

"To Gwaggo, kin sha na ƙarshe. Ki riƙe shi da kyau."

Ta juyo gare ni.

"In ya ƙare, ya ƙare, Malam. Duniya ta yarda, ba za a ce Ladi ce ta ɓata ba."

Na ce mata shugabannin duniya suna can sun kasa barci suna jiran matsayin mai zoɓon Kpakungu. Ta jefe ni da ledar ƙanƙara. Na ɗauka maganar ta wuce ke nan. Gwaggo kuwa kamar ta ji, ta riƙe gas ɗin nan shekara da shekaru, ko ɗigo ba ta zubar ba. Na riƙa ɗaukar sababbin firji a shago, masu sheƙi, masu fitila kamar gidan biki, wata shida sun kwanta, ita tana nan tana mita.

Ciwon uwarku ba zan tsaya a kansa ba. Kun gani da idonku, kuma ni ban iya ba da labarin da ba wurin dariya a ciki. Abin da ba ku gani ba shi ne ranakun da kuka koma bakin aiki muka rage mu biyu. Da zafin bazara ya matsa, ta ce a dawo mata da katifa falo kusa da Gwaggo. Muryarta ta riga ta yi ƙasa, amma in aka kawo wuta Gwaggo ta yi gurnani, sai ka ga leɓenta ya motsa. Ba ta fasa amsawa ba ko sau ɗaya. Wata rana da la'asar ina yi mata fifita, lokacin ke Hadiza kina da cikin fari, ta ce:

"Malam, na san ka."

"Wa ya san ni in ba ke ba? Har abin da ban yi ba kin sani."

"Ka san kowace ɓarauniyar hanya a garin nan. Kada ka bi da Gwaggo ta can."

"Ke dai ki warke, ki zo ki tsare ta da kanki."

"Yaron da ke cikin Hadiza a ƙarƙashin ranar nan zai yi yawo. Ka ji ni ko?"

Na ce na ji. Da damina ta sauka, ta tafi.

Bayan an share makoki kowa ya watse, gidan nan ya yi mini girma kamar filin jirgi. Mutane suna ta yaba mini, wai Sani Sanyi akwai tawakkali, ko a zaman makoki yana ba mutane dariya. Ba su san ina da abin da nake jira ba. Duk sanda aka kawo wuta, Gwaggo ta yi gurnani, ta girgiza, kwanuka suka yi rawa, sai in tsaya cak. A ɗan tsakanin nan, bayan gurnani kafin doguwar mita, nan ne wurin uwarku. Kunnena ya saba shekara da shekaru, shi da kansa yake cike gurbin. Wallahi ina jin ta, daga madafa, da muryarta ta lokacin da take da ƙarfi. Na daina zuwa shago da wuri don kada a kawo wuta ba na nan. Ni da na yi rayuwata ina zagin masu wuta, na koma ina yi musu addu'a.

Shekara ta zagayo, azumi ya faɗo cikin zafi, irin zafin Minna da ƙadangare ke neman inuwar ɗan'uwansa. 'Yar maƙwabta da ke taya ni ƙulla zoɓo, don ban bari sana'ar ta mutu ba, ta ce Baba ƙanƙara ba ta kamawa. Na taɓa bututun baya, na ji shi salam, ba zafin da ya saba. Na kaɗa kumfar sabulu na bi bututun da ita, gaɓa gaɓa, sai ga kumfa tana tashi a wani lungu da tsatsa ta ci. Hujin bai kai kan allura ba, kuma toshe shi aikin ɗan lokaci ne da walda. Amma abin da ke ciki ya riga ya tafi. Gwaggo tana nan tana gurnani, tana mita, sai dai cikinta ɗumi kamar aljihu.

Ban gaya wa kowa ba sai Bitrus. Kwana biyu sai ga shi a keke mai ƙafa uku, ya rungumo wani abu a cikin buhun shinkafa kamar jariri. Ya shigo falo ya rufe ƙofa, ya zare buhun. Tukunyar gas ce, an shafa mata sabon fenti, an manna mata takardar sabon gas.

"Kada ka duba riga," in ji shi. "Sha biyu ne a ciki, na asali. Ta bayan gida ya shigo ƙasar."

"Bitrus, kai da kake dattijo a coci?"

"Coci bai san wannan ba. Kai ma masallaci ba zai sani ba."

"A ina ka samo?"

"Ka cika tambaya. Wani ya san wani. Ɗan kaɗan za ka sa, Sani. Firji ɗaya. Sama ba zai ji ba."

Gaskiya ya faɗa, sama ba za ta ji ba. Abin da Gwaggo za ta sha bai kai abin da nake saki a yini guda ba a zamanin da. Ba ɗan sanda a ƙofa, ba matar tabarau, ba wanda zai taɓa sani har tashin duniya. Na durƙusa na shafa tukunyar, sanyinta ya ratsa tafin hannuna. Shekaru nake taɓawa. Shekaru na gurnani, da kwanuka suna rawa, da muryar nan daga madafa. Ni da na iya lallaɓa kowace doka har ta yi barci, hannuna har ya kai kan makunnin. Ana cikin haka aka kawo wuta. Gwaggo ta yi gurnani, ta girgiza, ta yi ɗan shirun nan nata. Na ji uwarku sarai. Sai dai wannan karon ba Gwaggo ta amsa wa ba. Ni ta ce wa: "Na san ka, Malam."

Na mayar da tukunyar cikin buhu.

"Mayar masa, Bitrus."

"Ka haukace? Ka san wahalar da na sha?"

"Na sani. Allah ya bar zumunci. Amma mai firjin ta hana."

Ya kalli wurin da katifar Ladi take a da. Ya cire hularsa ya goge fuska da ita, ya daɗe yana gogewa.

"Maman Hadiza," ya ce, "ko ya mutu bai bar mutum ya huta ba."

Washegari shi ya zo ya taya ni. Muka toshe hujin, muka wanke bututu, muka kwance tsohuwar zuciyar muka sa sabuwa, muka ɗura sabon gas. Aiki ya yi kyau, ba yabon kai ba. Da aka kawo wuta, na tsaya ina jira. Ba gurnani. Ba girgiza. Kwanukan da ke kanta ko motsi. Sai da na kara kunne a jikinta na ji wani ɗan zuu, kamar sauro mai ladabi. Kafin magariba ƙanƙara ta kama, mai kyau, masu azumi suka yi layi, kowa yana cewa Gwaggo ta warke. Ni kaɗai na san a ranar na yi jana'iza ta biyu.

Daga nan sai a kawo wuta a ɗauke ban sani ba. In ɗaga kai kawai in ga ƙwan fitila yana ci, ba wanda ya sanar, ba wanda ya amsa. Na jure wata da watanni. Tsohon kwamfiresan yana shago a ƙarƙashin benci, masu sayen ƙarfe sun zo sun taya har sun gaji, na ce musu gadon kakana ne daga yaƙin duniya. Wata rana na ɗauko shi na kawo gida, na goge shi, na ɗora shi a kan katako, na ɗora masa tsohon kwanon shan uwarku a kai. Ba gas a cikinsa, ba abin da zai tafi sama, kowane mai gyara ya san ana iya tada shi haka na ɗan lokaci don a ji lafiyarsa. Na jona. Ya yi gurnani. Kwanon ya yi rawa.

To abin da ka gani ke nan, Nura.

Kwanakin baya na ji a rediyo an ce ramin nan na sama yana haɗewa sannu a hankali, wai in aka ci gaba a haka zai rufe a zamanin jikoki. Na ce to madalla, sai a rubuta a cikin yarjejeniyar cewa akwai hannun wata mai zoɓo a Kpakungu. Hadiza, in kin zo da yaron nan, ki bar shi ya yi wasa a rana yadda yake so, kakarsa ta riga ta biya masa. Ku sha zoɓo daga Gwaggo, tana nan tana aiki, ta dai daina magana ne.

Likita kuwa ku bar shi ya huta. Kun ce ina hira da ƙarfe, amma Nura, ka tuna da kyau, ka ji na ce wani abu? Ban ce komai ba. In aka kawo wuta ina jona shi, ya yi gurnani, ni kuma in yi shiru. Wurin amsarta nake bar mata. In kun zo kuka tarar da ni a haka, kada ku yi sallama da ƙarfi. Ku tsaya daga bakin ƙofa, ku ɗan saurara. Ku ma a cikin muryar nan kuka girma.